Fijo daga 504 zuwa PureTech: laifin kamfani da laifin gareji

Duk wanda ya zagaya wuraren sayar da motocin hannu a Kano ko Kaduna ya san Peugeot ta fi tsararrakinta araha. Za ka ga 307 ko 407 fes da ita, kujeru lafiya, sanyi yana aiki, amma kuɗinta bai kama ƙafar na Corolla da suka fito shekara ɗaya ba. Tsoro ne ya karya mata farashi: tsoron giya, tsoron matsalar wuta, da tsoron mota ta yi wata guda a gareji ana ta canjin kaya ba a gano ciwon ba. Kuma wannan shi ne kamfanin da iyayenmu ba su yarda da motar kowa ba sai tasa. Kukan masu Fijo gaskiya ne, sai dai ba iri ɗaya ba ne. Wasu matsalolin daga masana'anta aka zo da su, kamfanin ma ya amsa wasu da bakinsa. Wasu kuwa a garejinmu ake haifar su. Mai niyyar saye da mai riƙe da ɗaya duk suna bukatar bambance su, domin na farkon za su ci kuɗinka ko da ka yi hankali, na biyun kuwa ana iya kauce musu gaba ɗaya.

Asalin sana'ar gidan Peugeot ba mota ba ce. A 1810 iyalin suka mayar da injin niƙan hatsinsu da ke gabashin Faransa maƙerar ƙarfe. Zarto suka fara yi, sai injin niƙa kofi, daga baya keke. Zakin da ke gaban motar tun 1858 aka yi masa rajista, lokacin ana buga shi ne a jikin kayan ƙarfe. Armand Peugeot ya fito da mota mai ƙafa uku mai aiki da tururi a 1889, shekarar da ta biyo ya koma injin fetur na Daimler. A 1929 aka yi 201, wadda ta buɗe salon lamba uku da sifili a tsakiya.

Sunan da kamfanin ya yi a wajenmu kuwa 404 da 504 ne suka yi masa. An fito da 504 a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Ƙarfinta ba sihiri ba ne. Inji ne 1.8 ko 2.0 mai kafireto da sarƙar taimin, ƙafar baya ke ja, sandar da ke kai ƙarfi baya tana cikin bututun ƙarfe da ke kare ta, ga tsayi daga ƙasa, ga shokozoba mai dogon zango da ke shanye rami. Silif ɗin injin ana zare su, saboda haka in ya gaji sai a sa sabbin silif da fistin da ringi ya dawo sabo ba tare da an kai bulok wurin gurza ba. Wutarta koyil ne da distiributa da 'yan fiyus. Tana da nata aibin, tana tsatsa, tana shan mai, kuma in aka bar ta ta tafasa takan ƙona tof gaskit. Amma ciwonta a fili yake, ido yana gani, kunne yana ji.

An kafa Peugeot Automobile Nigeria a 1972, aka buɗe masana'antar Kakuri a Kaduna a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Shekaru da dama ta jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga Lyon zuwa Kano, sannan a gangara da su Kaduna a harhaɗa. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan jami'anta, tashoshin mota suka cika da wagon mai layi uku, akori-kura ta riƙe kasuwannin ƙauye. A Nijar kuma, ban da waɗanda dillalai ke kawowa, akwai waɗanda Turawa ke ketowa da su Sahara ta Tamanrasset da Arlit zuwa Agadez su sayar. Abin da ake yawan mantawa shi ne ba ƙarfen kaɗai ya riƙe 504 ba. A bayanta akwai masana'anta a gida, da dillalai masu kayan gyara na asali, da kanikawan da aka horar a kan wannan motar takamaimai. Faɗuwar naira bayan shirin SAP na 1986 da kwararar motocin Beljiyam ta Kwatano suka rushe wannan tsari. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, aka sayar wa ASD Motors kaso mafi rinjaye a 2006, bashi ya sa hukumar karɓar basussukan bankuna ta AMCON ta karɓe a 2012. Sai a 2022 sabuwar masana'antar Dangote Peugeot da ke hanyar Kaduna zuwa Abuja ta fara fitar da motoci.

Can Faransa ma kamfanin ya sauya kama. Ya haɗiye Citroën a 1976 aka sami rukunin PSA, ya shiga ƙuncin kuɗin da sai da gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin suka zuba jari a 2014, ya sayi Opel a 2017, ya haɗe da Fiat Chrysler a 2021 aka sami Stellantis. Motocin da ya ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 an yi su ne don dokar hayaƙin Turai, da titin Turai, da garejin da ke da kwamfuta. Mu kuma suna iso mana bayan shekara goma ko fiye, ba takardar sabis, ba wanda ya san abin da suka sha.

Giyar AL4

Babu abin da ya zubar da mutuncin Peugeot a Najeriya kamar wannan giyar otomatik. Giya huɗu ce da PSA da Renault suka haɗa kai suka yi a ƙarshen shekarun 1990, kuma ita ce a cikin 206, 207, 307, 308 na farko, da 406 da 407 masu inji 2.0 zuwa ƙasa. Alamar ciwonta sananniya ce. Da safe mota na sanyi, ko bayan an daɗe a cunkoso, sai ka ji bugu kamar an daki motar ta baya, allo ya rubuta "Gearbox faulty", ta maƙale a giya ta uku. Tashi ya yi mata nauyi. Ka kashe ka tayar ta dawo daidai, gobe ta maimaita.

Mafi yawan lokaci giyar ba ta mutu ba. A bayan murfin da ke gaban giyabos akwai allon bawul, a jikinsa akwai solonoyid, wato bawul masu aiki da lantarki, guda biyu iri ɗaya: ɗaya yana daidaita ƙarfin turin mai, ɗaya yana kulle kwanbata, wato tulun da ke tsakanin inji da giya a madadin kuloci. Dattin tsohon mai yana cinye su. Da zarar ƙwaƙwalwar giya ta ga turin da ta nema ya saɓa da wanda sensa ke nuna mata, sai ta kulle a giya ta uku don kada faifan ciki su ƙone. Lambar da kwamfuta ta fi nunawa ita ce P1167. Maganin shi ne a canza solonoyid ɗin duka biyu, lambarsu 2574.16, a duba sensar turin mai da ke ƙasan giyabos ko tana yoyo, sannan in tsohon samfuri aka cire a sabunta manhajar ƙwaƙwalwar giyar. Abin takaici, da yawa ana tura su kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Ladipo a Legas su sayo giyabos sukutum, a ɗora, bayan wata biyu bugun ya dawo, domin ita ma ta Beljiyam ɗin da gajiyayyun solonoyid ta zo.

Laifin kamfani a nan babba ne. Ya ce man giyar na har abada ne, bai sa sandar auna mai ba, ya binne filta a ciki inda ba a kai gare ta sai an tsaga giyabos, kuma abin sanyaya man ɗan ƙarami ne da ya dogara da ruwan inji. A zafin Sakkwato ko Maiduguri wannan lissafi ba ya fita. Shawararmu a canza man duk kilomita 40,000, kuma da mai mai ma'aunin LT 71141 kaɗai. Launinsa ruwan zuma ne, ba jan man giya da ake aunawa a bakin titi ba. Giyar tana ɗaukar kusan lita 6, amma in an kwance kusan lita 3 ne ke fita, sauran na cikin kwanbata. Don haka in man ya yi baƙi sai an canza sau biyu ko uku, ana ɗan yin tafiya a tsakani. Auna shi ma da ƙa'ida: mota a shimfiɗaɗɗen wuri, inji yana aiki, zafin man ya kai wajen digiri 60 a kwamfuta, a bi da liba ta kowace giya a dawo P, sannan a kwance ƙaramin noti na tsakiyar magudanar ƙasa. Mai ya zubo siriri ya koma ɗiga, a ɗaure. In bai zubo ba ko kaɗan, a ƙara rabin lita a sake. A ƙarshe a gyara ma'aunin tsufan mai a cikin kwamfuta. Wanda ya cika ta da ido, ko dai ya yi yawa man ya yi kumfa, ko ya gaza giya ta riƙa sulɓewa.

Ba kowace otomatik ta Peugeot ce AL4 ba. 406 mai V6 tana da ZF 4HP20, 407 mai V6 da 508 kuma suna da ta Aisin mai giya shida, kuma duka biyun sun fi ta juriya nesa ba kusa ba.

Wuta

Daga 406 ta biyu da ta fito a 1999, da 307 a 2001, tsarin wutar ya canza gaba ɗaya. A tsohuwar mota kowace fitila da wayarta daga makunni. A sabuwar, makunni saƙo kawai yake aikawa ta wayoyi biyu zuwa wata 'yar kwamfuta da ke cikin dashbod mai suna BSI, ita ce ke ba da umarni a kunna. A cikin bonet kuma akwai BSM, akwatin fiyus da rile, har da rilen famfon fetur, kuma rilen a manne suke, ba a zare ɗaya a sa wani. A bayan sitiyari akwai COM2000, wanda ya haɗa sigina, fitila, waifa, hon da wayar jakar iska a abu guda.

Raunin COM2000 na farkon 307 da 206 daga kamfani ne: sigina ta ƙi komawa, ko fitila ta riƙa ƙyaftawa da kanta. Haka nan sayen akwatin BSM guda saboda rile ɗaya zalunci ne ga aljihun mai mota. Amma mutuwar BSI, wadda aka fi kuka da ita, yawanci da hannu ake jawo ta. Mai rewaya ya soka kwan gwaji a wayar saƙo, ko ya yi gada da waya don fanka ko famfo ya tashi. A cire kan batir inji yana aiki wai ana gwada altaneta. A tayar da mota da batirin aro sannan a musanya shi tana kunne. A wanke inji da ruwan famfo mai ƙarfi har ya shiga BSM. A yanka waya ko'ina don sa ƙararrawa ko na'urar bin sawu. Magudanar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba ta toshe da ganye, ruwan damina ya gangara cikin dashbod. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa.

Cire batir a waɗannan motoci yana da tsari. A sauke gilashin direba, a buɗe bonet, a kashe komai a zare makulli, a rufe ƙofofi, a jira minti uku ba a taɓa komai ba har BSI ta yi barci, sannan a cire. In an mayar, a ba ta kamar minti ɗaya kafin a murɗa makulli. Raunin batir ko sakin wayar da ke ɗaure a jikin bodi kan jawo ƙorafe-ƙorafen ƙarya birjik a allo, saboda haka nan ake fara dubawa kafin a zargi ƙwaƙwalwa.

Rubutu biyu suna tayar wa mutane hankali. "Economy mode active" ba ciwo ba ne, motar ce ke yanke rediyo da fitilun ciki bayan kamar rabin awa inji a kashe don kada batir ya mutu, kuma yana gushewa in an tayar. "Depollution system faulty" kuwa ba ya nuna abu ɗaya. Yana iya zama koyil, wanda a injin 1.6 (TU5JP4) da 2.0 (EW10J4) dogon bulo ɗaya ne mai kan fulogi huɗu, ko fulogi, ko sensar hayaƙi, ko gurɓataccen mai, ko katalis ɗin salansa da kanikawa ke kira indomi, wanda sau da yawa an riga an fasa an sayar kafin motar ta zo hannunka. Ƙaramar na'urar bincike ta gama-gari inji kaɗai take gani. Wadda ke shiga BSI da giya da birki ita ce manhajar Diagbox ta Peugeot da kan Lexia da ake jona wa mota. Garejin da ba shi da ita canke yake yi da kuɗinka.

Zafi da bel

Nan kam laifin kusan duk namu ne. Da mota ta iso, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin injin 1.6 da 2.0 yana buɗewa wajen digiri 89, fanka kuma tana tashi da ƙaramin gudu in zafi ya haura 95, ta ƙara gudu in ya ci gaba. An tsara injin ya yi aiki a wannan zafin. In an cire tamostat, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara fetur. Mai ya ƙare da wuri, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke bakin mai daga jikin silinda, giyar AL4 ma ta rikice domin ita ma tana karanta zafin. Abin da ke sa waɗannan motoci tafasa yawanci rizistar fanka ce ta ƙone ƙaramin gudu ya ɓace, ko lagireto ya toshe, ko murfin tulun ruwa ya daina riƙe iska. Su ake gyarawa. Ruwan rijiya ko na leda kuma yana cin tof silinda na alminiyom da abin sanyaya man giya. A zuba ruwan lagireto na gaskiya.

Injin TU5 da EW10 bel ne ke riƙe da taimin ɗinsu, kuma in ya tsinke fistin yana dukan bawul. A zafi da ƙurarmu bai kamata ya wuce kilomita 60,000 ko shekara huɗu ba, kuma a canza shi tare da tenshona da fuli da famfon ruwa, tunda bel ɗin ne ke juya famfon. Duk motar da aka saya ba a san tarihinta ba, wannan ne aikin farko. In an kiyaye wannan, waɗannan injuna biyu suna cikin mafiya aminci da kamfanin ya taɓa yi.

EP6 da PureTech

A kan waɗannan biyun ba za a ɗora wa bakanike laifi ba, domin a Turai ma, inda ake bin littafi, sun sa mutane kuka.

EP6 inji ne 1.6 da PSA ta yi da BMW, ya fito a 2006, yana cikin 207, 308, 3008, 5008, 508 da RCZ. Iri biyu ne: VTi marar tobo, da THP mai tobo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Yana da ƙarfi, ba ya shan mai, ya kuma ci kyaututtuka shekaru a jere. Amma sarƙar taimin ɗinsa tana miƙewa, tenshonan farko kuma rarrauna ne. Alamar ita ce ƙarar sarƙa na 'yan daƙiƙu in an tayar da safe, daga baya mota ta rasa ƙarfi. Wani abin da kanikawa da yawa ba su sani ba: haƙoran kamshaf da na kiranshaf ba su da ƙusar da ke tsayar da su wuri ɗaya, matsin noti ne kaɗai ke riƙe su. Ba a saita taimin ɗin da alamar fenti, sai da ƙarafan kulle na wannan injin, kuma notocin sau ɗaya ake ɗaura su, in an kwance sai sabbi.

A THP, tunda fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska, babu abin da ke wanke su. Baƙin gawayi yana taruwa har ya shaƙe hanya, inji ya riƙa rawa da safe. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kai wa wurin. Sai an cire bututun iska an kankare, a Turai da garin ɓawon goro na walnut ake fesa musu. Famfon fetur mai babban turi shi ma yana gajiya, mota ta yanke in an taka, kwamfuta ta nuna P0087. Ga gidan tamostat na roba da ke tsagewa, domin injin yana aiki ne wajen digiri 105. Ga robobin bawul da ke bushewa, mota ta riƙa shan bakin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi bayan ta daɗe a tsaye tana aiki. Kamfanin ya ƙara dagula lamarin da ya ce a yi sabis duk kilomita 30,000. Mu kuma muka ƙara namu da zuba 20W-50, wanda ya yi wa siraran hanyoyin man injin kauri. Yana ɗaukar lita 4 da kwata na 5W-30 mai ma'aunin PSA B71 2290. A canza duk kilomita 7,000 zuwa 8,000, a kuma zaro sandar mai kowane mako.

PureTech 1.2 mai silinda uku ya fito a 2012, mai tobo a 2014, kuma yanzu ne ya fara yawa a cikin 208, 2008, 308 da 3008 da ake shigowa da su. Bel ɗin taimin ɗinsa a cikin bakin mai yake wanka. A gajerun tafiye-tafiye fetur yana sauka cikin man, ya ci robar, bel ya kumbura ya fara marmashewa. Marmashin yana toshe rariyar famfon bakin mai, fitilar mai ta kama, inji ya iya ƙonewa. Mafi haɗari, yana toshe famfon zuƙar iska da ke sauƙaƙa taka birki, birki ya yi tauri ana cikin tafiya. Wannan ne ya sa aka yi kiran motoci masu yawa a ƙarshen 2020. Kamfanin ya rage wa'adin bel ɗin zuwa kilomita 100,000 ko shekara 6, masu motoci a Faransa suka haɗu suka ɗauki lauya, a 2024 Stellantis ta tsawaita garanti zuwa shekara 10 ga wanda ke da shaidar sabis, sabon samfurin injin kuma aka mayar da shi sarƙa. Komawa sarƙar kaɗai ta isa amsa laifi. Wanda ya sayi tasa a Kwatano ba takarda kada ya sa rai da wannan garanti. Abin da zai iya yi shi ne ya buɗe murfin zuba bakin mai ya haska tocila: bayan bel ɗin yana nan a fili. In ya ga tsagewa, ko gefe ya zare, ko fuskar ta yi kaushi, a canza nan take, a sauke kwanon ƙasan inji a wanke rariya. Canza bel ba tare da wanke rariya ba rabin aiki ne.

A ƙafa kuma, 206 tana da ciwon gindin baya. Hannuwan tayoyin suna juyawa a kan siraran boris, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci sandar. Ka tsaya a bayan motar ka duba: in saman tayoyin ya karkata ciki, ko kana jin ƙara a kan rami, aksul ɗin ya tafi. 407 tana cin bol-joyin na ƙasa a gaba, kuma dogon hancinta yana dukan kowane tudun rage gudu.

Wacce za a saya

A ganinmu 406 mai inji 2.0 da giyar hannu ita ce Fijo mafi dacewa da mai matsakaicin ƙarfi har yau. Ta zauna a titi, tana da daɗin doguwar tafiya, an haɗa ta a Kaduna shekaru bayan Turai ta daina a 2004, kayanta suna ko'ina daga Panteka zuwa Ƙofar Ruwa, kanikawa kuma sun san ta. Matsalarta tsufa, samun mai lafiyayyen bodi da wayoyin da ba a yayyanka ba sai an tona. 307 da 206 masu 1.6 da giyar hannu suna biye, in wutarsu ba a taɓa ba. A cikin sababbi, 301 mai inji 1.6 EC5 ta fi kwantar da hankali, domin jikan TU5 ne, bel ɗinsa a bushe yake, kuma an yi motar ne tun 2012 don ƙasashe masu titi irin namu. Sai a lura, akwai 301 mai 1.2, wannan PureTech ne, kuma giyar otomatik ta farko ta 301 mai 1.6, mai giya huɗu, daga zuriyar AL4 take, ta baya mai giya shida ce ta Aisin. THP na shekarun farko ba ma ba kowa shawarar saye sai wanda ke da ƙwararren gareji a garinsu da rarar kuɗi a gefe.

Ranar dubawa, a ce wa mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi. Ka saurari daƙiƙun farko. Ka murɗa makulli ka ga fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu, domin akan cire kwansu a ɓoye ciwo. In fanka ta tashi tare da makulli, an yi mata haɗin kai tsaye, ka sa kuɗin tamostat da rizista a lissafi. Ka tuƙa ta aƙalla rabin awa har da cunkoso, tunda AL4 takan ɓoye halinta sai ta yi zafi. Ka ɗaga kafet na gaba ka taɓa ko da danshi. A sa Diagbox a karanta kowace ƙwaƙwalwa, a kwatanta lambar bodi da ke cikin BSI da wadda ke jikin mota, in sun saɓa an taɓa canza ta. Sannan ka nemi makulli biyu da lambar sirri mai harafi huɗu da ke zuwa a kati tare da motar. Makulli da BSI da ƙwaƙwalwar inji a ɗaure suke da wannan lamba, kuma in makulli ɗaya tilo ya ɓace babu ita, sau da yawa sai an nemo mai iya zaro ta daga BSI ko a sayi ukun gaba ɗaya.